Na ce ƙarƙashin gado, ya je yana duba kan gado

"Assalamu alaikum Malama. Ni mazauniyar Tudun Wada ce a nan Kaduna. Ɗana yana da shekara 3 da wata 4, bakinsa ya buɗe sosai, surutu har sai an ce ya yi shiru. Amma in na aike shi na ce ɗauko min takalmina a ƙarƙashin gado, sai ya je ya tsaya yana dube-dube a kan gado. Shekaranjiya na ce ya ajiye kofi a bayan randa, ya jefa shi cikin randar. Antinsu ta makaranta ta rubuto cewa yana cakuɗa irin waɗannan kalmomi, in riƙa yi masa bita a gida. Ni tela ce, wuni nake a kan keke, ba ni da lokacin zaman lesin, ba ni kuma da kuɗin kayan wasa masu tsada. Don Allah akwai matsala ne a tare da shi? Yaya zan koya masa? Kuma da Hausa zan yi ko da Turanci, tunda da Turanci ake tambayarsu a makaranta?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Abu uku kika tambaya: ko abin da yake yi alamar matsala ce, yadda za ki koya masa ba tare da kin sauka daga kan keke ba, da harshen da za ki koya masa da shi. Ni malamar ƙananan yara ce a nan garin, da 'yan shekara 3 zuwa 5 nake wuni, kuma da abin da nake gani a aji da abin da na karanta zan ba ki amsa. Ban ga yaronki da idona ba, ni kuma ba likita ba ce, don haka a ƙarshe akwai alamomin da zan ce in kin gan su ki kai shi a duba. Amma yadda kika kwatanta shi, ki kwantar da hankalinki. Abin da yake yi sa'o'insa da yawa suna yi.

Me ya kai kofi cikin randa

Kalmomin da ke nuna inda abu yake, wato ciki, waje, kan, ƙarƙashi, gefe, tsakani, gaba, baya, dama da hagu, sun fi sunayen abubuwa wuyar kamawa. Kofi kofi ne duk inda aka ajiye shi, yaro ya gan shi, ya taɓa shi, ya riƙe sunan. Ƙarƙashi kuwa ba abu ba ne da za a miƙa masa a hannu. Sai ya riƙe abu biyu a ransa lokaci guda, takalmi da gado, sannan ya gane yadda ɗaya yake zaune game da ɗayan. Shi ya sa za ki ga yaro ya san sunan kowa a layinku, ya haddace tallan rediyo, amma waɗannan 'yan kalmomi suna ba shi wuya.

Wata mai bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, Eve Clark, ta wallafa wani gwaji a 1973 da ya yi kama da labarin randarki. Ta riƙa ba ƙananan yara ɗan abin wasa tana ce musu su sa shi a cikin wani abu, ko a kansa, ko a ƙarƙashinsa. Sai ta lura mafi ƙanƙantarsu ba kalmar suke bi ba, siffar abin suke bi. In abin mai rami ne kamar akwati, ciki za su jefa ko me aka ce musu. In mai shafaffen sama ne kamar tebur, a kai za su ɗora. Wato yaro yana da nasa hukuncin tun kafin ya fahimci kalmar: mai baki a zuba masa, mai fili a ɗora masa. Randa baki gare ta, kuma kullum a cikinta ko a kan murfinta yake ganin kofi. Da ya ji "kofi" ya ji "randa", sauran maganar bai ma tsaya saurare ba.

A 1979 Judith Johnston da Dan Slobin suka gwada yara masu magana da harsuna huɗu, Turanci da Italiyanci da Turkanci da harshen mutanen Sabiya da Kuroshiya, suka tarar jerin yadda kalmomin ke zuwa kusan ɗaya ne. Ciki, kan, ƙarƙashi da gefe su ne na farko. Tsakani yana biyo baya, tare da gaba da baya na abin da yake da fuska, kamar mutum ko mota. Na can ƙarshe shi ne gaba da baya na abin da ba shi da fuska. To randa ba ta da fuska, ba ta da ƙeya. Cikin rashin sani kin ba shi ɗaya daga cikin tambayoyi mafi wuya a wannan fanni, irin wadda ɗan shekara 4 ma yakan yi tuntuɓe a kanta. Ba a kan 'ya'yan Hausawa aka yi waɗannan binciken ba, amma jerin ya yi daidai da abin da nake gani a aji.

A ƙiyasi, yaro yakan gane ciki da kan wajen shekara 2, ƙarƙashi kafin ya cika 3 ko jim kaɗan bayan haka, gefe da gaba da baya tsakanin 3 da 4, tsakani wajen 4. Wani ya riga, wani ya makara da 'yan watanni. Saboda haka a cikin misalai biyun da kika kawo, na gado ne ya kamata ki sa wa ido, domin lokacinsa ya yi. Na randa ki ɗaga masa ƙafa.

Hannunmu ne ke yi mana maganar

Ki saurari kanki wuni ɗaya. Mu iyaye mata yawancin aikenmu ga yadda yake: "Miƙo min abin can." "Yana nan wajen." "Kai, ba nan ba, can!" Ana faɗa ana nuni da hannu, ko a turo baki, ko a ɗaga haɓa, ko ido kawai ya yi aikin. Yaro mai wayo sai ya ƙware wajen karanta fuskarki, ba ya buƙatar kalmar tunda hannu ya riga ya faɗa masa. Ranar da kika aike shi ɗaki alhali kina tsakar gida, babu hannu babu ido, ranar asirin ke tonuwa. In akwai yayye a gidan kuma sai abin ya ƙaru, domin kafin ƙaramin ya gama tunani babbar ta ruga ta ɗauko.

Akwai kuma yawan hanyoyin faɗar abu ɗaya. Ke ki ce ƙarƙashin gado, babansa ya ce ƙasan gado, ana kuma ce masa "zauna a ƙasa". Ke ki ce kan tebur, maƙwabciya ta ce saman tebur, kakarsa ta ce bisa tebur. Kaduna gari ne da Hausar ko'ina ta haɗu, ta Zazzau da ta Kano da ta Sakkwato da ta waɗanda a nan suka koya, duk daidai ne kuma duk zai iya su nan gaba. Amma a makonnin farko ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kanta, ki roƙi mutanen gida su yi haka.

Yawan jin kalmomin daga bakin iyaye yana da tasiri. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar Chicago, Pruden da Levine da Huttenlocher, sun wallafa sakamakon bibiyar yara 52 a gidajensu tun suna wata 14 har wata 46. Yaran da iyayensu suka fi furta kalmomin girma da siffa da fasalin abubuwa, irin su dogo, faffaɗa, zagayayye, lanƙwasa, sun fi amfani da su da kansu, kuma da aka gwada su suna shekara 4 da rabi sun fi iya ayyukan da ke buƙatar juya siffa a ƙwaƙwalwa. Ba darasi iyayen nan suka zauna suka yi ba, hirar yau da kullum ce aka naɗa.

Yadda wasan yake

Ki fara da jikinsa kafin ki kai ga kaya. Ki samo babban kwali wajen mai shago, ki ajiye a tsakar gida kusa da inda kike ɗinki. Ba sai kin ce masa komai ba, zai shiga. Yana shiga ki ce, "Iye, ga shi a cikin kwali." Ya fito, "Ya fito waje." Ya kife shi a kansa, "Ina yarona? Af, yana ƙarƙashin kwali!" A wannan mataki ba tambayarsa kike yi ba, labarin abin da jikinsa ke yi kike ba shi a daidai lokacin da yake yi. Tabarma, bargo, kujera 'yar tsuguno, benci, ƙofar ɗaki, duk kayan aiki ne. Hausa ma ta sauƙaƙa mana nan, domin yawancin kalmomin a jikinsa suke, ya kuma riga ya san su. Ki ba shi guntun atamfa ki ce ya ɗora a kansa, sannan ki ce ya ɗora a kan kujera. Ya shafa cikinsa, sannan ya leƙa cikin tukunya. Ya nuna bakinsa, sannan ya je ya tsaya a bakin ƙofa.

Bayan 'yan kwanaki sai ki koma aike, a nan kuma akwai sharaɗi biyu. Na farko, hannunki ya zauna a cinyarki ko a kan ɗinkinki, idonki a fuskarsa, kada ki kalli wurin da kike nufi. Na biyu, ki zaɓi abin da amsa biyu za su yiwu a kansa, ki kuma nemi wadda bai saba gani ba. In kin ce ya sa cokali a cikin kofi ya sa, ba ki gano komai ba, ko da Larabci kika faɗa haka zai yi. Ki ce ya sa cokali a ƙarƙashin kofi.

Ga yadda yake kasancewa da sabon yaro a ajina. Nakan zauna da shi a tabarma, kujera 'yar tsuguno a tsakaninmu, in ba shi cokali.

"Sa cokali a ƙarƙashin kujera."

Ya ɗora a kai, ya kalle ni yana jiran yabo.

Ba na cewa a'a. Nakan ce, "Ka sa shi a kan kujera. Kalli nawa." In ɗauki wani cokalin in tura shi ƙarƙashi a hankali, in kwantar da kaina har kumatuna ya kusa taɓa tabarma, in leƙa. "Nawa yana ƙarƙashi. Ya ɓuya. Zo ka gani." Shi ma ya kwanta ya leƙa, yawanci da dariya. Sai in ce, "Kai naka ya je wurin nawa, ƙarƙashin kujera." Ya tura. Mu fito da su mu sake, wannan karon in ce kan kujera, sannan ƙarƙashi, sannan ƙarƙashi kuma, don kada ya gane cewa bi da bi nake yi ya riƙa canka. Minti 3 zuwa 5 ya isa. Da ya fara waige-waige an tashi.

Kin ga kalma biyu kawai aka yi, kuma kishiyoyin juna. Haka za ki riƙa ɗaukarsu: ciki da waje, kan da ƙarƙashi, kusa da nesa, sannan gaba da baya. Kada ki haɗa shida a rana ɗaya ko da anti ta rubuto shida.

Matakin da iyaye suka fi tsallakewa, kuma a wurina ya fi kowanne amfani, shi ne a juya wasan ya zama shi ne mai aike. Ganewa daban, furtawa daban, kuma yaro yakan gane kalma da daɗewa kafin ta fito daga bakinsa. Ki ce yau shi ne Mama, ya faɗa miki inda za ki sa ƙyalle. Zai ce "can" yana nuni. Ki rufe idonki da tafin hannu ki ce, "Ba na gani, faɗa min da baki." In ya ce kan kujera, ke kuma ki ɗora a kanki da gangan. Babu abin da ke faranta wa ɗan shekara 3 rai kamar ya kama babba da kuskure, zai yi ta ihu yana gyara miki, kuma duk gyaran da ya yi ya furta kalmar sau ɗaya ke nan ba tare da an ce ya maimaita ba. In kalmar ta maƙale masa ki ba shi zaɓi: "A ciki ko a waje?"

Wasan ɓuya ma haka. Ki ɓoye motarsa ta roba, ki ba shi labarin inda take da baki kawai: "Tana cikin ɗaki, ƙarƙashin filo." In ya samo, shi ma ya ɓoye ya faɗa miki. Yayyensa su shiga, amma da dokar cewa ba mai ɗauko masa, ba mai nuni, da baki za a taimaka. Yaran da suka ɗan tasa suna da nasu a wasannin da suke yi da ma, 'yar gala-gala cike take da cikin gida da kan layi da tsallakewa, tuwon ƙasa kuma akwai tukunya a kan murhu da itace a ƙarƙashi. Abin da ya rage kawai a sami babba a kusa da zai riƙa sa wa abin suna.

Tunda tela ce ke, kwandon guntayen yadi ya ishe ki kayan wasa: ja a cikin kwando, shuɗi a ƙarƙashin tabarma, fari a tsakanin takalma biyu. Sai dai maɓalli da allura da fil da reza su yi nesa da shi, kada kuma ƙarƙashin keke ya zama wurin ɓuya saboda feda da bel. A wasan ɓuya ki kafa doka tun ranar farko cewa ba a shiga tsohon firji, ko durom, ko mota da ke ajiye, ba a kuma zuwa bakin rijiya. Bokitin da ke da ruwa ma kada ya shiga wasan "ciki".

Sauran aikin ba wasa ba ne ma, rayuwa ce. Wajen wanka akwai bayan kunne da tsakanin yatsu da ƙarƙashin haɓa. Wajen cin abinci akwai nama a ƙarƙashin tuwo. In kun hau Keke Napep za ku Kawo, ki tambaye shi ta kan gada za a bi ko ta ƙarƙashi. In za ku tsallaka kogi zuwa Barnawa, ki nuna masa cewa ku kuna sama ruwa yana ƙarƙashinku. Waya da talabijin kuwa ba na dogara da su a wannan fanni, domin yaron da ke kallon kyanwar katun ta shiga akwati jikinsa a zaune yake, ba abin da ya leƙa, ba abin da ya tura.

Gaba da baya, inda Hausa da Turanci suka raba hanya

Nan zan ɗan daɗe, domin a nan ake yi wa yaranmu jan biro ba da laifinsu ba. Ki fara da masu fuska. Ƙanwarsa tana goye a bayanki. Direba yana gaba, fasinja suna baya. Liman yana gaba, mamu suna bayansa. Wutsiyar akuya a baya take. Ki jera takalma ko gwangwanaye a yi layin motoci, a tambayi wa ke gaban wa. Wannan duk harsunan biyu sun yarda da juna.

Saɓanin yana wajen abin da ba shi da fuska. Wani malami a Jami'ar Columbia ta Amurka, Clifford Hill, ya yi nazarin wannan a tsakanin masu jin Hausa, ya wallafa kwatancen Hausa da Turanci a 1982. Ki ajiye ƙwarya a gabanki, ki ajiye cokali can gaba da ita, ta yadda kina ganin duka biyun. Bahaushe zai ce cokali yana gaba da ƙwarya, domin a ransa ƙwaryar tana kallon inda shi ma yake kallo, kamar suna tafiya a layi ɗaya. Bature kuwa cewa zai yi cokalin yana bayan ƙwarya, domin shi a ransa ƙwaryar shi take fuskanta. Ki tuna yadda muke kwatance: in na ce miki shagon yana gaba da Masallacin Sultan Bello kaɗan, kin san sai kin wuce masallacin. Amma in abin ya ɓuya, kamar yaro ya laɓe bishiya ta tare shi, mu ma bayan bishiya muke cewa.

To ki duba halin da ɗan shekara 3 ko 4 yake ciki. A gida an ce masa na nesa shi ne na gaba. A makaranta an nuna masa hoton ƙwallo da akwati, an ce na kusa da shi ne na gaba. Ya zaɓi amsar da ta yi daidai da Hausarsa, aka soke. Yawancin malamai ba su san da wannan bambanci ba, ana ɗauka kalma ce kawai za a fassara. Ni abin da nake yi, har yaro ya kai wajen shekara 5 ba na tambayarsa gaba ko baya sai a kan abu mai fuska, ko abin da ya ɓuya sarai. In lokaci ya yi sai in faɗa masa kai tsaye cewa a Turanci ana ɗaukar akwatin kamar yana kallonka. Yara suna karɓar wannan bayani fiye da yadda ake zato.

Hoton takarda ma yana da nasa rikicin. Takarda shafaffiya ce, abin da mai zane yake nufi da baya yakan fito a ɗan sama, rabinsa a rufe. Yaron da ya iya ɓuya a bayan ƙofa sarai yana iya kasa gane hakan a zane. Don haka jerin shi ne jiki, sannan kaya na gaske, hoto a ƙarshe.

Da Hausa ko da Turanci

Da Hausa, ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Aiki mai nauyi shi ne yaro ya gane ma'anar, cewa abu yana iya zama a ƙarƙashin wani abu kuma akwai kalmar da ke nuna hakan. Wannan sau ɗaya ake gina shi, kuma ya fi saurin ginuwa da harshen da ake yi masa wanka da faɗa da lallashi da shi. In ya zauna, ɗora masa sunan Turanci aikin 'yan kwanaki ne. Yaran da suka fi ba ni wuya a aji su ne waɗanda suka haddace kalmomin Turancin a waƙe, suna rerawa da nuni gwanin sha'awa, amma ka ba su cokali da kujera su tsaya suna kallonka.

In kina jin Turanci, bayan kalma ta zauna masa da Hausa ki sake wasan nan na kujera da Turanci a wani lokaci daban, ki ce masa yanzu irin na makaranta za a yi. In ba kya ji sosai, ki bar wa anti wannan ɓangare, naki ya fi nata girma.

Dama da hagu

Waɗannan ki ajiye su tukuna. Yawancin yara sai tsakanin shekara 5 da 7 suke rarrabe dama da hagu a jikinsu ba tare da canka ba, na mutumin da ke fuskantarsu kuwa sai bayan haka. Mu muna da sa'a, domin tarbiyyarmu tana maimaita su kullum: ci da dama, fara alwala da dama, sa takalmin dama tukuna, shiga banɗaki da hagu. Ki riƙa furta kalmar a lokacin, ba "ɗaya hannun" kawai ba. In za ki nuna masa, ki zauna a gefensa kuna kallon wuri ɗaya, domin in kina fuskantarsa damarki tana ɓangaren hagunsa. In kuma ya kasance bahago, kusan mutum 1 cikin 10 haka Allah ya yi su. A koya masa cin abinci da dama cikin lallashi, rubutu a bar shi da hannun da ya fi masa, duka ba ya gyara komai a nan.

Amfanin duk wannan zai fito fili ranar da ya fara karatu. Bambancin b da d, ko ɓ da ɗ, ɓangaren da cikin harafin ya kalla ne kawai. A Islamiyya haruffan ba da nun a farkon kalma siffarsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su, na ba a ƙasa, na nun a sama. Boko daga hagu ake farawa, Larabci daga dama, kuma yaranmu a lokaci ɗaya suke fara duka biyun. Malamin da zai ce "ɗigo biyu a sama" yana ɗauka yaro ya san sama.

Yaushe za a kai shi a duba

Ki ba wasan wata biyu zuwa uku, kaɗan-kaɗan kullum. In a lokacin ciki da kan da ƙarƙashi sun zauna, ko da yana kuskure jefi-jefi, komai lafiya. Amma kada ki jira wata ukun in kin lura da ɗaya daga cikin waɗannan: ba ya waigowa in an kira shi daga baya, yana yawan cewa "iye?", kunnensa yana ciwo ko yana zubar da ruwa, ba ya iya bin aike mai gaɓa biyu kamar "ɗauko takalminka ka kai wa Baba" in ba a nuna masa ba, surutun nasa yawanci maimaita abin da aka faɗa ne ba amsa ba, ko kalmomin da ya iya a da sun ɓace. Kunne ake fara dubawa, domin ruwa a bayan dodon kunne yana rage ji ba tare da yaro ya yi kukan ciwo ba, kuma 'yan gajerun kalmomi irin su "kan" su ne ke fara ɓacewa a kunnen da ba ya ji sosai. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna take, akwai kuma sashen yara a Asibitin Barau Dikko. Su ne za su faɗa miki ko yana buƙatar mai gyaran magana.

Antin kuma ki je ki same ta da kanki in kin sami sarari. Ki roƙe ta ta gwada shi da kujera da cokali na gaske maimakon takarda, ta kuma riƙa faɗa miki kalmomi biyun da za su yi a kowane mako, don ki riga ta yin su da Hausa a gida.